Sanyi Ne, Ba Ɗari Ba

Ku samarin da kuke ɗaga mini waya a Ƙofar Ran kuna cewa, "Baba Sale, ga aikinka nan a aljihunmu," ku matso ku ji, don yau raina a ɓace yake kuma ina da lokaci. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina duba yanayi a wata gonar gwajin iri da ke bayan Inkil. Ina auna ruwan sama, ina auna zafi da iska, ina duba gajimare, ina rubutawa. Da kun ji haka sai ku tuntsire da dariya, wai an ɗauki ƙato aiki don ya riƙa kallon sama. To ai ku ma kullum kuna ƙarƙashinta. A cikinku wa zai gaya mini daga ina iskar safiyar yau ta taso? Na ga kowa ya sunkuyar da kai.

Ranar da na fara aiki, Malam Buba bai ba ni fensir ba, ƙyalle ya ba ni ya ce in wanke. Shi na tarar a tashar duba yanayin, Bafulatani ne da iyayensa suka bar kiwo suka zauna a gari, dogo, maganarsa kamar ana saye. Tashar kuwa ba gini ba ce, fili ne da aka kewaye da waya. A tsakiyarsa akwai farin akwatin katako mai ƙafa huɗu, jikinsa tsaga-tsaga don iska ta ratsa amma rana kada ta shiga. A cikinsa ma'aunin zafi ne guda biyu a tsaye. Ɗaya haka yake tsirara, ɗayan an naɗe masa gindi da ƙyalle, an zura lagwani daga ƙyallen zuwa cikin 'yar kwalbar ruwa. Idan iska busasshiya ce, ruwan ƙyallen yana tashi da sauri, sai jiƙaƙƙen ya sauka ƙasa ya bar busasshen can sama. Idan iska na ɗauke da danshi, sai ka gan su kusa da juna. Wannan tazarar ita ce rabin sana'ar. Ka bar ƙyallen ya yi datti ko lagwanin ya bushe, sai na'urar ta yi ta shara maka ƙarya kana rubutawa da hannunka. Wata uku na yi ina wankin ƙyalle kafin Malam Buba ya bar ni in karanta lamba.

Karanta lambar ma kuna tsammani wasa ne. Ka buɗe akwatin, ka riƙe numfashinka, ka daidaita idonka da layin, ka karanta, ka rufe. Rana ɗaya na tsaya ina ba shi labari bakina a cikin akwatin, sai ya ja ni baya ta kwalar riga.

"Zafin garin Bauchi aka ce ka auna," in ji shi, "ba na bakinka ba."

Sai mazurarin ruwan sama, wanda ake binne gindinsa a ƙasa da kwalba a ciki. Kowace safiya sai ka leƙa shi, ko da an yi wata biyar ba a ga ɗigo ba, don ƙadangare yana son wurin, zanzaro ma yana gini a maƙogwaronsa. Sai kibiyar da ke kan dogon ƙarfe mai nuna inda iska ta fito, da ludaya uku masu juyawa masu ƙirga ƙarfinta. Duk wannan da fensir ake rubutawa, saboda biro ba ya son jiƙaƙƙiyar takarda. Kuma a kan lokaci ake yi. Ko ana suna a gidanka, ko zazzaɓi na kaɗa ka, idan lokacin ya yi kana cikin wayar nan a tsaye. Na san masu cika littafi daga kan kujera, su leƙa taga su rubuta abin da suka rubuta jiya. Waɗannan ba abokan sana'ata ba ne, kuma ko a lahira ba na son a haɗa mu layi ɗaya.

Gajimare shi ne inda ake gane wanda ya iya. Za ka tsaya a tsakiyar fili ka raba sama gida takwas a ranka, kamar yadda ake yanka lemo, ka juya a hankali ka ga gida nawa gajimare ya ci. Sannan ka faɗi irinsa da tsayinsa da inda ya dosa. Littafin ofis yana da sunayensu na Turawa masu karya harshe, na kuma haddace su, amma Malam Buba yana da nasa. Akwai furfura, siraran nan da ke can ƙololuwa. Akwai garken tumaki. Akwai uwar maƙera, wato babban hadarin da kansa ya baje. Akwai kuma wanda yake kira zankaye, ƙananan gajimare da ke jeruwa a layi ɗaya da safe, kowanne da ɗan tsini a ka kamar zankayen soro.

"Idan ka ga zankaye da safe," in ji shi, "kada ka bar wankinka a igiya ka tafi kasuwa."

Mutane kuwa ba sa barin mu. Manomi zai jingina kekensa a jikin waya ya ce, "Malam, in shuka ko in dakata?" Masu buga bulo suna zuwa, masu ɗaurin aure suna aikowa. A nan matsalar take, don dokar aikinmu ta ce kai mai gani ne, ba mai hasashe ba. Ka rubuta abin da ke sama yanzu, ka aika, manya a can su faɗi abin da zai zo gobe. Sau ɗaya na ce wa wani mai bulo ya rufe kayansa, ruwan kuma bai zo ba, ya bi ta gefe ya sauka a wani gari. Mutumin ya kai ƙarata wurin Manajan gonar cewa na sa ya yi asarar yini. Manaja ya kira ni ya ja mini kunne a gaban mutane.

"Malam Sale, ba boka muka ɗauka aiki ba. Kada in ƙara jin ka ce wa kowa za a yi ruwa ko ba za a yi ba."

Na ce, "To, ranka ya daɗe." Daga ranar na koyi magana a karkace. Ba na cewa za a yi ruwa, sai in faɗi abin da na gani in bar mai hankali ya ƙarasa.

Yanzu ku buɗe kunne, don ga abin da yawancinku ba ku sani ba duk da cewa da Hausar aka yaye ku. Ɗari daban, sanyi daban. Ɗari shi ne busasshen nan na bayan damina, mai tsaga leɓe, mai kawo faso, wanda wanki ke bushewa cikinsa kafin ka gama shanya. Idan ɗari ya shigo, ruwa ya tafi ke nan. Sanyi kuwa mai danshi ne, shi ne na bayan ruwa, ko na ruwan da ya sauka a wani wuri iskarsa ta iso gare ka. Ɗari yana cizon fata, sanyi yana shiga ƙashi. Tsofaffi ba sa haɗa su. Ku ne kuka tattara duka kuka zuba a buhu ɗaya, komai sanyi, har ruwan firji. Ni kuma wannan ragwancin bakin naku ne ya ci mini suna.

Abin ya faru a kakar wata shekara, bayan Malam Buba ya bar aiki ni kaɗai ke riƙe da tashar. A shekarar gonar ta noma irin wake kala-kala, fari da ja da mai ɗigo-ɗigo, kowanne da lambarsa, wanda za a raba wa manoman Inkil da ƙauyukan kewaye su shuka da damina mai zuwa. An riga an rubuta sunayensu, an yi musu alkawari, wasu ma ba su ajiye nasu irin ba saboda sun dogara da namu. An casa waken an zuba a buhuna, amma bai gama bushewa ba, yana bukatar rana ɗaya ko biyu a kan daɓen simintin da ke gaban sito. Kwana goma sha wani abu ba a yi ruwa ba, kowa na cewa damina ta yi sallama.

Ranar Juma'a ce. Na fito daga gida da safe iska tana kaɗa ni a kan keke, mutane duk sun naɗe da mayafi, masu shayi sun cika. Kowa ka gaisa da shi sai ya ce, "Ya sanyi? Bana ya shigo da wuri." Ni kuwa tun kafin in kai hanyar Gombe na lura leɓena bai bushe ba. Da na shiga tashar, raɓa ta jiƙa mini ƙafar wando sharkaf. Na buɗe akwati, na ga ma'aunan nan biyu sun kusa haɗa kafaɗa. Na duba lagwani ko shi ke yaudarata, na same shi a jiƙe, ƙyallen fes. Kibiya ba ta kallon arewa, tana ta rawa tsakanin kudu da gabas. Na ɗaga kai, sai ga zankaye a jere a kan duwatsun gabas kamar an sa igiya an daidaita su. Na rubuta komai.

A bakin ƙofar gonar akwai wata mata 'yar kudu mai sayar wa ma'aikata abinci, muna kiranta Mama Chidi. Ta fito da buhun barkononta za ta baza, sai ta hango ni ta ƙwala mini kira da irin Hausarta.

"Malam Sale! Wannan sanyi, na ruwa ne ko na baki ya fashe?"

Na ce, "Mama Chidi, bakinki ya fashe?"

Ta taɓa leɓenta, ta dube ni, ta mayar da buhunta cikin rumfa. Matar da ko "ta" da "ya" ba ta rabawa, ta gane a take.

Ba a jima ba sai ga Malam Kabiru a kan babur, ya sha jaket har wuya. Shi ne jami'in gona, matashi ne ɗan Wunti, Bahaushe gaba da baya, ya yi karatu mai zurfi, kuma a muƙami yana gabana. Ko injin bai kashe ba.

"Malam Sale, Manaja ya ce a tambaye ka, ya sama take? Muna so mu fitar da wake."

Na ce, "Malam Kabiru, ka gaya wa Manaja wannan sanyi ne, ba ɗari ba."

Ya ce, "To madalla," ya murɗa babur ya tafi.

Na koma aikina hankali kwance, a ganina na faɗi magana a fili yadda ko ɗan yaye zai gane. Ashe da ya isa ofis abin da ya ce shi ne, "Ranka ya daɗe, Malam Sale ya ce sanyi ya shigo." A bakin mutanen yanzu kuwa, sanyi ya shigo ma'anarsa damina ta ƙare. Manaja ya ce a shanya.

Daga tashar ba a hango sito, akwai gonar mangwaro a tsakani. Ni ina can ina kallon gabas. Da hantsi rana ta fito, iska ba ta daina ba, zankayen nan suka fara kumbura suna hawa kan juna. Kafin azahar sun zama curi ɗaya, gindinsa ya yi baƙi, kansa ya fara bajewa. Gida biyu ya ci, sannan uku. Na rubuta, na rufe littafi, na yi alwala, na hau keke zan tafi masallacin Juma'a. Ina zagayowa ta bayan mangwaron sai na ja birki har na kusa kifawa. Daɓen nan daga wannan baki zuwa wancan cike yake da wake, kashi-kashi, kowane kashi da ɗan allon lambarsa a tsaye. Babu kowa a wurin sai tsohon maigadi mai ciwon gwiwa. An sallami leburori, ma'aikata duk sun shiga gari salla, sito a kulle, buhunan da aka zazzage suna ciki, makulli yana aljihun Malam Kabiru.

Na kira Malam Kabiru, waya a kashe. Na kira Manaja, a kashe. Na jefar da keken na ɗauki dutse na yi ta dukan kwaɗon sito har ya buɗe. Mama Chidi ta ji ƙarar ta rugo da daro biyu. Mu uku ke nan, ni da ita da maigadi, da shebur ɗaya da tsohon tamfol mai huji. Waken da ƙarti ashirin suka fitar, shi muke so mu kwashe. Ina ɗura buhu, tana riƙe bakinsa, maigadi na jan ƙafa yana tara mana da tsintsiya. Buhu na bakwai muke ciki iskar ta juya ta taso daga gabas da ƙarfinta, mai sanyi kamar an buɗe randa, allunan lambobin suka fara tashi suna bin iska.

"Malam Sale, ya zo!" in ji Mama Chidi. "Wallahi ya zo!"

Muka ja tamfol muka rufe kashi ɗaya, ita ta hau kai ta zauna don kada iska ta ɗauke shi. Sai ruwa ya tsinke. Ban taɓa jin haushin ruwan sama ba sai ranar. Daɓen yana da ɗan gangare, ruwan ya bi shi ya kwashi fari ya kai cikin ja, ya kwashi ja ya kai cikin mai ɗigo, ya tara su duka a lambatu. Ku da ba ku san iri ba, ku sani cewa irin da ya gauraya ya tashi daga iri, ya zama na ƙosai. Wanda bai gauraya ba kuma ya sha ruwa ya kumbura, fatarsa ta yamutse. Washegari rana ba ta fito ba, jibi ya fara wari.

Da ruwan ya ɗauke lokacin awo ya yi. Na bar su a nan suna salati, waɗanda suka dawo daga masallaci da manyan riguna, na koma tashar jikina na tsiyaya, na ɗaga mazurari, na juye kwalba cikin gilashin awo, na daidaita idona, na rubuta. Lambar daidai take.

Bayan mako biyu aka kafa kwamiti, aka zo da wani babba daga hedikwata ya shugabance shi. Aka tambayi Malam Kabiru abin da na gaya masa.

"Yallaɓai, ya ce sanyi ne."

Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ya ƙarasa maganar. Na ce sanyi ne, ba ɗari ba."

Shugaban ya dube ni ta saman tabarau. "To, Malam Sale, mene ne bambancin? Sanyi ai sanyi ne."

Aka yi dariya. Manya biyar, dukansu Hausa suke yi a gidajensu, suna dariya. Na ce a kira Mama Chidi, aka ce ba ma'aikaciya ba ce. Na buɗe littafina na nuna musu awon safiyar, aka ce ba wanda ke musun awo. Manaja ya ce me ya hana in faɗa kai tsaye cewa za a yi ruwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ka hana ni, a wannan ɗakin, a gaban mutane." Ya ce bai tuna ba. Sannan aka rubuta rahoton da Turanci, kuma a Turancin da suka rubuta kalma ɗaya ce ta ɗauki sanyi da ɗari duka. Da aka karanta mini sai na ji an rubuta cewa na ce gari ya yi sanyi, shi ke nan. Aka sa mini takardar gargaɗi biyu a fayil, ɗaya ta ba da bayani mai ruɗarwa, ɗaya ta fasa kwaɗon ma'aikata.

Ba na cewa ba ni da laifi ko kaɗan. Da na sani da na riƙe kan babur ɗin nan na ce, "Kada ku fitar da waken," a kore ni in an ga dama. Amma Malam Kabiru bai yi ƙarya ba, abin da kunnensa ya iya ɗauka ya kai, kuma wannan shi ya fi ba ni haushi. Mutum ya yi shekaru yana karatun noma, ba a taɓa gaya masa cewa kakarsa tana da kalma biyu a inda shi yake da ɗaya ba. Manaja kuma yana da taga a ofishinsa mai kallon gabas.

Da damina ta kewayo manoma suka zo da buhunansu a naɗe a hamata. Buhu bakwai da kashi ɗaya ba su kai ko'ina ba. Yawancinsu suka koma hannu wofi, suka sayi waken kasuwa suka shuka, wanda bai san ƙasarsu ba, ya yi ta yaɗo bai yi 'ya'yan kirki ba. Masu jingina keke a jikin wayata suka ragu. Na ɗauka kunya ce ko aiki ya yi musu yawa, ban bi ba'asi ba, na ci gaba da wanke ƙyallena har na yi ritaya.

Bara na shiga keke napep daga Inkil zan dawo gida, direban wani magidanci mai surutu. Hadari ya ɗan haɗo a gabas, na ce masa ya sauke labulen gefe. Ya yi dariya.

"Baba, kai ma masanin sama ne? Allah ya sa ba irin na gonar can ba. Akwai wani da aka yi a nan, wai aikinsa ke nan duba gajimare. Shi ya ce ruwa ya tafi, a shanya irin wake, ruwa ya zo ya wanke duka. Shekarar ba mu ci wake a gidanmu ba. Babanmu har ya rasu, in dai ya ga hadari sai ya ce, ku je ku tambayi Sale."

Na tambaye shi sunan mahaifin nasa, ya faɗa mini. Na san mutumin sarai. Shekara da shekaru muna haɗuwa a sahu, yana miƙo mini hannu yana tambayar iyali, na kuma je jana'izarsa na zuba masa ƙasa.

Na ce wa direban ya tsaya.

"Baba, ai Wunti ce nan, ba mu kai Ƙofar Ran ba."

Na ce, "Na sani, ɗana." Na sauka na taka da ƙafa, ruwan ya same ni a hanya.